Zauren Baba Nababa Ya Sha Fenti

Duk wanda ya san Hadijatu Manniru a Kubwa ya san ta da abu biyu: ba ta makara, kuma ba ta yar da kaya. Robar man shafawa in ta ƙare sai ta wanke ta, ta zuba allura da zare. Tsohon zani ya koma labule, labule ya koma tsumma, tsumman ma sai ya ji jiki kafin a sallame shi. Mijinta Al-Amin yakan ce shi bai taɓa fargabar tsufa ba, tunda ya tabbata ko ya lalace wani amfanin za a sake nema masa.

To, wannan baiwar Allah ce rabo ya kai wani ofishi mai kula da tsarin gine-gine, aka zaunar da ita a teburin da ake buga takardun rusau. Shekara goma sha ɗaya tana fita da sassafe, ta yi kokawar shiga bas da sauran ma'aikata, ta isa ofis ta zauna tana buga wa mutane takardar su kwashe nasu ya nasu. Ba ita ke shafa jan fenti a bango ba, ba ita ke tuƙa katafila ba, amma kowace takarda ta hannunta take bi. Abin yana ci mata rai ƙwarai, ba ta dai faɗa ne. Burinta ɗaya a duniya, kafin ta yi ritaya a samu ko gini ɗaya ne da ya tsaya saboda ita.

Ranar da ta gaya wa Al-Amin ta samu gurbin digiri na biyu, kuma ofis ya ba ta hutun karatu na shekara biyu, murna ta sa ya tashi zaune. Sai ya tambayi fannin.

"Adana gine-ginen tarihi," in ji ta.

"A ina?"

"A nan Abuja mana."

Ya dube ta sama da ƙasa. "Hajiyata, garin nan fa na girme shi. Wane tarihi ne da shi?"

"Je ka faɗa wa Gbagyi haka, su da aka zo aka tarar."

Washegari sai ya sayo mata jakar makaranta.

Su tara ne a ajin, ita ce babbarsu, har suna ce mata Anti. Ta koyi yadda laima ke hawa bango, da yadda ake karanta tsaga a gane ta jiya ce ko ta shekara goma. Ta haddace dokar da ake maimaita musu safe da yamma: kada ka taɓa sai ka auna, kada ka gyara abin da ba ka fahimta ba. Da lokacin zaɓen batun bincike ya zo, kowa ya miƙa hannu nesa, wannan ya ce ganuwar Kano, wancan ya ce tsofaffin gidajen Zariya. Hadijatu ita kaɗai ta ce Mpape, unguwar masu fasa dutse da ke gefen Abuja.

Ga yadda aka yi. Wata Asabar ta je Mpape barkar haihuwa, ta ɓata a 'yan siraran hanyoyin da ke hawa tudu tsakanin ɗakunan bulo da na kwano. Tana shan wata kwana sai ga zauren ƙasa tsaye a gabanta, ja wur, da zankwayensa a sama, da indararo, da zane a goshin ƙofa. Wani tsoho siriri na zaune a bakin ƙofar yana gyaran carbi. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta tambayi wanda ya gina. Ya nuna mata tafin hannunsa kawai.

Sunansa Nababa, magini ɗan magini daga wani ƙauye a ƙasar Zazzau. Ya zo ne da ayarin farko na leburorin fasa dutse, lokacin da birnin ke cin tsakuwa ba dare ba rana, su kuwa masu fasa ta suna kwana a gindin duwatsu. Ya ga abin bai yi ba, ya tara abokansa suka yi tubali, aka roƙi wani direba ya ɗauko musu azara daga arewa, ya tayar da zauren. Tun daga lokacin, duk baƙon da ya sauko neman aiki yana da kwana uku a ciki, ba mai tambayarsa ko ɗan wane ne. Rabin magidantan unguwar a nan suka fara ajiye buhunsu.

Malamin da ke duba bincikenta, Dakta Leonard, mutum ne mai faɗin gaba da son raha, Hausarsa kuma irin ta Abuja ce, ba ruwanta da mace ko namiji. Da ya ji shekarun ginin sai ya cire tabarau.

"Shekara arba'in da kaɗan? Madam, takalmin babana ta fi wannan gini tsufa."

"Yallaɓai, mutanen da suka fasa dutsen da aka gina birnin nan, wannan ne kaɗai ginin da suka yi wa kansu. In ya faɗi, shi ke nan, kamar ba su taɓa zuwa ba."

Ya mayar da tabaransa. "Okay. Ki je ki yi aunawa. In kin gama zan zo site da kaina. In na ga ƙasa ce original, yadda kika faɗa, zan sa hannu. In ba haka ba, ki nemi wani topic ki fara daga farko."

Ta san ma'anar wannan. Hutun karatu ba ya ƙaruwa, kuma wanda ya fara daga farko a shekara ta biyu, teburinsa zai koma hannu rabbana.

Wata takwas ta yi tana hawa tudun nan da tef da kyamara da littafi. Ta auna zauren ciki da waje, ta ƙirga azara, ta ba kowace tsaga lamba kamar fayil ɗin ofis. In ta ga inda ƙasa ta zaizaye sai fuskarta ta washe, ta tsuguna ta ɗauki hoto ta gabas, ta ɗauka ta yamma. Mutanen unguwa suna ta kallo. Rannan dai Habibu, shugaban masu lodin tifa, wanda shi ma a zauren ya yi kwanansa uku na farko, ya kasa haƙuri.

"Hajiya, wai me ya sa kullum inda ya tsage kike ɗauka? Ga gefen nan mai kyau."

"Ai tsagar ce abin nema, Malam Habibu," ta ce, ko ɗago kai ba ta yi ba.

Ya haɗiye maganar ya tafi. Ita mai karanta tsagar bango, ba ta karanta fuskar mutum ba. A wajensu, mace ce ta zo daga cikin gari tana tattara shaidar talaucinsu za ta kai wa manya.

Da ta kammala, ta tara su a ƙofar zauren ta yi musu albishir. "Asabar ta sama babban malaminmu zai zo, Dakta ne guda. Don Allah a shirya, kada a ba ni kunya." Abin da take nufi, a share ƙofa a ɗaure awaki. Suka ce in Allah ya yarda ba za ta ji kunya ba. Daga nan jarrabawa ta riƙe ta, kwana goma ba ta leƙo ba.

Ranar Asabar suka ajiye mota a ƙasa suka kama hawa. Dakta Leonard na haki yana share gumi, ita kuwa tana gaba tana zuba masa bayani: yadda jan ƙasar ke sauya launi da hantsi, yadda har yanzu ake ganin sawun yatsun magini a jikin bango. Suka sha kwanar. Ta tsaya cak, ta waiga, don ta ɗauka ɓata ta sake yi.

Zauren na nan inda yake, amma an lulluɓe shi da siminti tun daga tushe har zankwaye, an shafe shi da fenti kore da fari, sai ƙyalli yake yi. An manna tayil a dokin ƙofa. An rataya furannin roba a indararo. Ga rumfa, ga kujeru, ga tukunyar dafa-duka tana tururi, ga maza sun sha wanka sun jeru. Habibu ya taho cikin babbar riga, fenti bai gama fita daga farcensa ba, bakinsa har kunne.

"Oga Dakta, barka da zuwa! Hajiya, kwana tara ba mu huta ba. Wannan ya kawo siminti, wancan ya kawo yashi, masu ruwa suka ba da ruwa. Duk inda kika ɗauka a hoto mun bi mun toshe. Ki zagaya ki gani, ko tsaga ɗaya ba mu bari ba."

Dakta Leonard ya sunkuyo ya yi ƙasa da murya. "Madam, wannan ce heritage ɗin, ginin tarihin naki? Ta yi kama da kemis."

Hadijatu ta zuba wa zauren ido. Wata takwas na aunawa, duk an binne su a ƙarƙashin fenti. Ta so ta yi ihu, amma wa za ta yi wa? Mutanen da ke cin abin da suka samu a yini sun ajiye aikinsu kwana tara don su fitar da ita kunya. Baƙonka annabinka, haka aka rene su, haka ita ma aka rene ta, ba a barin baƙo ya ga gida a yage. Kafin ta samu bakin magana an kama Dakta an zaunar, an ɗora masa faranti a cinya.

Ta sulale ta shiga zauren. Ciki ma ya sha farin fenti, azarar rufi ce kaɗai ta tsira. Baba Nababa na zaune a kan buzu a kusurwa.

"Baba," ta ce, "kana zaune aka yi wannan? Ya ka bari?"

"Ba bari na yi ba, 'yar nan. Ni na ce a yi."

Ta zauna a ƙasa ba tare da ta sani ba.

"Su don baƙo suka yi, ni kuwa dalilina daban," in ji shi. "Ginin ƙasa ba a gama shi. Kowace shekara kafin ruwa ya sauka sai an yi masa sabon yaɓe, in ba haka ba damina ta cinye shi. Shekara arba'in ni nake yi. Bara da kyar na yi rabi, bana hannun nan ko buta ba ya ɗagawa da kyau. 'Ya'yana ɗaya direba ne, ɗaya yana sayar da waya. Matasan nan bulo suka sani. Ke kuma wata takwas kina zuwa, kin auna shi kamar za ki ɗinka masa riga, kin tambaye ni shekarar kaza da shekarar kaza. Ko sau ɗaya ba ki tambaye ni wa zai yaɓe shi bana ba."

Gaskiya ce tsagwaronta.

Ashe Dakta Leonard ya biyo ta da farantinsa, yana tsaye a bakin ƙofa. Ya ƙwanƙwasa bangon da bayan yatsa, ya girgiza kai. "Baba, siminti ba ta barin ƙasa ya sha iska. Laima za ta taru a ciki. Damina uku, bangon zai ruɓe."

"Na fi ka sani, Dakta. Babu yaɓe, damina ɗaya. Da siminti, uku. Sai na ɗauki ukun."

Dakta ya ajiye farantin. Raha ta bar fuskarsa. Ya ce wa Hadijatu, a hankali, ba zai iya sa hannu a kan abin da idonsa bai gani ba, kuma abin da ya gani fenti ne.

Nan ne Hadijatu ta yi abin da ba ya cikin kowane littafin da ta karanta. Ta gyara zama ta fuskanci tsohon. "Baba, in aka ɓamɓare simintin, za ka koya mini?"

Ya yi dariya har da tari. "Ke? Da wannan lallen? Mace a ramin kwaɓa?"

"Kakata ita ke yaɓe ɗakinta har ta rasu, ba wanda ya ce ta zama namiji."

"Ƙasa tana wari fa in ta kwana."

"Bas ɗin Kubwa nake shiga kullum, Baba."

Dakta Leonard ya kalli wannan, ya kalli wancan. Ya ce in simintin ya fita bango bai faɗi ba, ta yaɓe shi da hannunta a gaban mai shi, ta kuma rubuta kowane mataki daga bakinsa, to wannan ya fi ƙirgar tsaga daraja, zai sa hannu da biro biyu. Saura wata biyar hutunta ya ƙare.

Aiki mafi wuya shi ne fita a gaya wa Habibu. Ta tsaya gaban rumfar ta ce laifinta ne, ita ta yi ta zuwa ba ta taɓa zama ta yi musu bayani ba. Ta ce tsagar da take ɗauka ba don tonon asiri ba ne, likita ma inda ke ciwo yake dubawa. Ta ce jar ƙasar nan da suka rufe, ita Dakta ya hawo tudu ya gani. Fuskar Habibu ta faɗi.

"Wato ɓarna muka yi ke nan, Hajiya?"

Baba Nababa ne ya fito dogare da sanda ya raba gardamar. "Wa ya ce ɓarna? Don baƙo kuka yi. Baƙo ya zo, ya gani, ya ci, ya ƙoshi. Fenti ya gama aikinsa, sai a sallame shi."

Aka yi dariya, Habibu ma ya yi, ko da yake tasa ba ta kai ciki ba. Ya ce to, amma tayil ɗin nan shi ya manna da hannunsa, a bar masa shi. Aka bar masa.

Simintin bai daɗe ba, don haka bai kama sosai ba, amma sai da aka yi mako uku ana bin sa da kurfi da ƙaramar guduma, ɓawo ɓawo, Baba na tsawa duk sanda wani ya sa ƙarfi. Masu fasa dutse ne, ba su saba lallashin bango ba. Daga nan aka haƙa rami, aka zuba jar ƙasa da ciyawa da ruwa. Hadijatu ta sa tsohon wandon Al-Amin a ƙarƙashin zani, ta ɗaure hijabi a ƙugu, ta shiga tana tattakawa. Matan unguwa suka fito kallo, wasu na dariya, wasu na salati. A kwana na uku biyu daga cikinsu suka tuɓe takalma suka shigo.

Baba malami ne marar sassauci. Yana zaune a inuwa da sandarsa, ba ya yabo, gyara kawai. Ta koyi barin kwaɓi ya kwana bakwai har ya yi wari, ta koyi jefa curi a bango da ƙarfin da zai kama ba tare da ya tarwatse ba, ta koyi jiƙa makuba, wato ɓawon ɗorawa da ake shafawa a kai don ruwa ya zame. Sau uku yana sa ta kankare bangon kudu ta sake. In ta ɗauko littafi za ta rubuta, sai ya ce ta bari hannu ya fara ganewa tukuna, takarda ba ta gudu. A gida kuwa Al-Amin ya ce shi ma'aikaciyar gwamnati ya aura, ga shi an dawo masa da birkila, amma shi ke dafa mata ruwan gasa baya.

Ruwan farko ya sauka kwana shida bayan sun gama. Bango bai ko yi gezau ba. Dakta Leonard ya sake hawo tudun, ya shafa bangon, ya ga sawun yatsu iri biyu, na da da na yanzu, ya sa hannu a nan tsaye, takardar a kan bayan wani ɗalibi. Hadijatu ta kare bincikenta, ta sa hula da riga aka ɗauki hoto, ta koma ofis. Teburin dai shi ne, sai dai yanzu takan maƙala wa wani fayil 'yar takarda ta rubuta a je a duba tukuna, wani lokaci a je, wani lokaci a yi dariya.

A Mpape kuwa ba wanda ya sa ran sake ganin ta, kuma ba wanda ya riƙe ta da laifi. Baba da kansa ya ce wa Habibu ɗan boko in ya ci ya wanke hannu ke nan, Allah ya yi mata albarka, ta ƙara wa zauren shekara guda. A ranin da ya biyo baya ƙafafunsa suka ƙi, idonsa ya dushe, ya koma kwance a ɗakinsa da ke jingine da bayan zauren.

Wata Asabar da hantsi, hadari ya fara haɗuwa yana watsewa, Hadijatu ta hawo tudun da tsofaffin kaya a leda, babu tef, babu kyamara. Tun mako guda kafin nan ta kira Habibu a waya ya jiƙa mata ƙasa, ta roƙe shi kada ya faɗa. Ta leƙa za ta gaida Baba ta tarar barci ya ɗauke shi, sai ta bar shi. Ta naɗe hannun riga, ta ɗebo curi, ta jefa a bango. Ta sake ɗebowa ta jefa.

A jifa na biyar murya ta fito daga ɗakin, a dishe amma da faɗa.

"Wane ne wannan ya cika wa ƙasa ruwa?"

"Ni ce, Baba."

Shiru. Shirun ya yi tsawo har Habibu ya tsorata ya ɗaga labule, ya ga tsohon ya juya fuska bango yana goge ido da bakin riga. Ya saki labulen a hankali, ya yi kamar bai ga komai ba.

Can sai muryar ta dawo.

"To, ƙara ciyawa. Kuma ki fara ta gabas, 'yata, ta can ruwa yake duka."